Darasi na Tara: Agogunan Gaban Direba da Hanyar Gyaransu

Duk mutumin da ya zauna bayan sitiyari, ko da ya shekara talatin yana tuƙi, ba shi da ikon ganin abin da ke gudana cikin inji, ko leƙa tanki ya san iyakar fetur ɗin da ya rage, ko sa hannu ya taɓa ruwan lagireto alhali mota tana sheƙa gudu. Saboda wannan gajiyawa ta ɗan Adam ne maƙeran motoci suka jera agoguna a allon da ke gabansa, wanda direbobi ke ce wa dashbod, domin kowane ɗaya ya riƙa ba shi labarin wani sashe da ya faku ga idonsa. Akwai agogon mai, da na zafi, da na gudu tare da lambobin da ke ƙidaya nisan tafiya, sa'an nan ga alamar baƙin mai da ta caji, waɗanda a wasu motoci agoguna ne masu allura, a wasu kuwa ɗan ƙwan fitila ne kurum mai kawo ja. Amma abin takaici, a tashoshinmu ba abin da aka yi wa riƙon sakainar kashi kamar waɗannan agoguna, har ka ga mutum ya sake fenti, ya ƙawata kujeru, ya sa rediyo mai amo, ga allurar zafi kuwa ta shekara kwance bai ko kula ba, in ka yi magana ya ce ai ya san halin motarsa.

Matsayin agogo ga direba matsayin mai shaida ne a gaban alƙali. Alƙali adali ba ya gina hukunci bisa maganar wanda ba a yi wa tazkiyya ba, haka kuma ba ya korar mai shaida don kawai abin da ya faɗa bai yi wa wani daɗi ba. To, tambayar farko da ta wajaba a kan mai gyara, tun bai ɗauki sukudireba ba, ita ce: shin agogon nan ƙarya yake yi, ko kuwa gaskiya ce mai ɗaci yake faɗi? Wanda ya ga allurar zafi ta hau ja, ya ce agogo ne ya lalace, ya ci gaba da tafiya, sau da yawa ba ya farga sai gasket ta ƙone kan inji ya karkace. Wanda kuma ya sa aka sauke lagireto aka canza famfon ruwa, alhali waya ɗaya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, ya yi hasarar dukiya a banza. Darasin nan gaba ɗaya bayani ne a kan yadda ake rarrabe tsakanin waɗannan biyu.

Ku sani, ya ku 'yan'uwa masu koyo, kusan kowane agogo rukunai uku gare shi. Na ɗaya shi ne ɗan abin da ke can wurin awo, cikin tanki ko a jikin inji, wanda makanikai ke kira sansa. Na biyu wayar da ke ɗauko saƙo. Na uku shi kansa agogon mai allura. Wuta tana tasowa daga batir, ta ratsa makulli da fiyus, ta shiga agogo, ta bi waya zuwa sansa, daga nan ta koma batir ta jikin ƙarfen mota, gama ƙarfen mota shi ne hanyar komawar wuta. Aikin sansa bai wuce ya tsananta turjiya ga wutar ko ya sassauta ba, gwargwadon yawan mai ko tsananin zafi, ita kuwa turjiyar da ma'aunin om ake ƙiyasta ta, kamar yadda ake ƙiyasta ƙarfin wuta da bolt. Cikin rukunan nan uku, agogon shi ya fi tsada, shi ya fi wuyar cirewa, kuma shi ne mafi ƙarancin lalacewa, domin yana zaune a inuwa, alhali sansa da waya suna can suna shan zafi da laka da girgizar hanya, wani lokaci har da haƙoran ɓeraye. Saboda haka ƙa'idar aiki ita ce a fara da mai araha a ƙare da mai tsada.

Kafin a tuhumi wani agogo shi kaɗai, sai a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a dubi allon duka. Idan ba abin da ya motsa, ba fitilar da ta kama, da wuya ƙwarai a ce agoguna huɗu sun mutu rana ɗaya. Abin da suka yi tarayya a kansa shi za a nema, wato fiyus, ko soket ɗin da ke bayan allo, ko wayar da ke haɗa allon da jikin mota. Fiyus in ya ƙone a maye shi da mai lamba daidai da tasa, ba a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli, domin an yi shi ne ya ƙone a madadin mota, wanda ya hana shi ƙonewa kuwa ya miƙa motar ga gobara; in sabon ya sake ƙonewa nan take, to akwai wayar da ta fede tana taɓa ƙarfe, ita za a bi. Ita kuwa wayar jiki tana da wata alama da ba ta ɓuya: in ka kunna manyan fitilu ko sigina ka ga alluran suna hawa da sauka, wuta ce ta rasa hanyar komawa take ratsawa ta cikin agoguna. A kwance notin, a kankare tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam. Sau tari iyakar gyaran ke nan.

A tsofaffin motoci akwai wani ɗan akwati bayan allo wanda ke daidaita wutar da ke shiga agogon mai da na zafi, saboda wutar mota tana hawa tana sauka. A motocin Ingila masu agogunan Smiths bolt 10 yake bayarwa, a tsofaffin Ford na Amurka kuwa kimanin bolt 5. Idan aka ga agogon mai da na zafi sun yi ƙarya tare, dukansu sun hau fiye da kima ko dukansu sun kwanta, shi ne abin zargi. Irin waɗannan agoguna ɗan ƙarfe ne a cikinsu wanda wuta ke ɗumamawa ya lanƙwasa ya ja allura, don haka a hankali suke tashi bayan an murɗa makulli, wannan nawar kuwa ɗabi'arsu ce, ba illa ba.

Yanzu sai agogon mai, wanda ya fi kowanne kawo ƙara. A cikin tanki akwai wani abu mai iska a ciki, na roba ko na tagulla, da ake kira fulot, yana shawagi bisa fetur, an ɗaura shi a bakin wani siririn hannu na ƙarfe. In mai ya ƙaru ya ɗaga, in ya ragu ya sauka, gindin hannun kuwa yana goga wani ɗan faranti mai layukan turjiya. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A nemo kan tanki, wanda a yawancin ƙananan motoci yake ƙarƙashin kujerar baya ko cikin but, a zare wayar agogo daga sansa, a murɗa makulli: allura za ta tafi ƙarshen gefe ɗaya. Sa'an nan a taɓa wayar a jikin ƙarfe na ɗan lokaci kaɗan, ya fi kyau ta hanyar ƙaramin ƙwan gwaji don kada agogo ya ƙone: allura za ta nufi ɗaya gefen. In ta amsa duka biyu, agogo da waya sun kuɓuta, laifi yana cikin tanki. In ba ta amsa ba, a maimaita gwajin a bayan agogon kansa. Ta amsa a can, waya ce ta katse a tsakani. Ba ta amsa ba alhali wuta tana zuwa, sai a lokacin ne agogo ya cancanci a cire shi. Amma a kiyaye ƙwarai a motocin da famfon mai yake cikin tanki, gama wayoyi da yawa ne a soket ɗaya, kuma ɗayansu tana ɗauke da wutar famfo. Wanda bai tabbatar da wayar da yake nema ba, kada ya taɓa kome a jikin ƙarfe.

Idan an fito da sansa, a girgiza fulot kusa da kunne. Jin motsin ruwa a ciki dalili ne cewa ya huje ya sha fetur ya nutse, shi ya sa allura ba ta barin ƙasa ko da an cika tanki. A ɗora mitar gwaji a kan om, a ɗaga hannun sannu a hankali daga ƙasa zuwa sama, ana duban lambobi: ya kamata su sauya a jere ba tsalle, inda suka yanke kuwa nan layukan suka cinye, wannan ne kuma sababin allurar da ke faɗuwa kwatsam idan mai ya kai wani matsayi sa'an nan ta dawo. Gurɓataccen fetur mai yawan farar wuta yana sa wa layukan nan dauɗa. Haka nan tankin da dutse ya lotsa daga ƙasa yana iya tokare hannun fulot, abin da ba baƙo ba ne ga motocin da ke bin hanyoyin kasuwannin ƙauye.

A nan akwai wata mas'ala da ke ruɗa masu saye a kasuwar kayan gyara, ita ce ba kowane sansa ne ke jituwa da kowane agogo ba, ko da ramukan notinsu sun dace. Motocin General Motors na shekaru masu yawa suna ba da om 0 in tanki ya ƙare, 90 in ya cika. Tsofaffin Ford kuwa akasin haka, kimanin 73 in ya ƙare, 10 in ya cika. Agogunan VDO na Jamus da yawa suna aiki daga 10 zuwa 180. Wanda ya haɗa na wannan da na wancan zai ga allura tana tafiya a juye, ko ta tsaya a rabi tanki yana cike. Lalle ne a tafi da tsohon, a auna shi a auna sabon a gaban mai shago.

Ba zan wuce wannan babi ba sai na yi gargaɗi, domin rai ya fi mota. Tururin fetur ya fi ruwansa haɗari, tankin da ake cewa ba kome a ciki shi ne cike da tururi. Kafin a buɗe kan tanki a cire kan batir na wayar jiki, a yi aikin a sarari inda iska ke kaɗawa, ba taba, ba ashana, ba aci-balbal, ba mai walda a kusa. In duhu ya yi a haƙura sai gobe. Fulot ɗin tagulla da ya sha mai kuwa ba a kai shi ga wuta da niyyar like shi da dalma, sabo ake saya.

Agogon zafi sansansa yana ɗaure a kan inji, galibi kusa da inda babban tiyo ke fita zuwa lagireto, kansa yana cikin ruwa. Halinsa shi ne turjiyarsa tana raguwa gwargwadon ƙaruwar zafi, saboda haka in aka zare wayarsa allura ta kwanta a sanyi, in aka taɓa ta a ƙarfe ta haura zuwa ja. Wayar da ta goge tana taɓa inji kuwa za ta sa allura ta hau ja tun da asuba inji yana sanyi ƙalau, wannan ƙarya ce bayyananna. Shi kansa sansan ana gwada shi da mita, a tsoma kansa cikin ruwan da ake ɗumamawa, a ga lambobi suna sauka. Mai waya ɗaya ta zaren jikinsa yake mayar da wuta, don haka wanda ya naɗe zaren da farin tef na masu famfo ya yanke masa hanya. Kuma motoci da yawa sansa biyu gare su, ɗaya na agogo ɗaya na kwamfutar inji, sai a tabbatar wanne aka kama.

Sai dai ƙaryar da ta fi halaka inji ita ce ta sanyi. Injin lafiyayye yana aiki ne a wajen digiri 85 zuwa 100, tamostat kuwa, wato ƙofar da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, takan fara buɗewa tsakanin 82 da 88 a yawancin motoci. Al'adar da ta yaɗu a garejinmu ta cire tamostat a jefar, bisa hujjar cewa kayan ƙasar sanyi ne, tana sa allura ta yini a ƙasa, direba yana murna, alhali inji yana shan mai fiye da kima yana kuma saurin cinyewa. A ganina wannan al'ada ɓarnarta ta fi amfaninta nesa ba kusa ba. Mafi muni kuma, idan tiyo ya fashe ruwa ya tsiyaye sarai, kan sansa ba ya cikin ruwa, sai allura ta ɗan hau ta komo ƙasa a daidai lokacin da inji ke ƙonewa. Wanda ya ga haka, ko ya ji ƙauri, ya tsaya. Kada kuma ya buɗe murfin lagireto da zafi, domin murfin yana riƙe da matsi wanda ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120, da an sassauta shi ruwan zai yi tsiri ya sale fuska.

Fitilar baƙin mai hukuncinta ɗaya ne: in ta kama inji yana aiki, a kashe inji nan take, a duba sandar awon baƙin mai. In mai yana nan daidai, kada a ce sansa ne a wuce, sai an kwance shi an ɗaura agogon gwaji na matsi a gurbinsa an ga hujja da ido, gama sansan kuɗinsa kaɗan ne, inji kuwa in ya buga sai an sauke shi. Mai gyaran da ya cire ƙwan don fitilar ta daina damun mai mota ya ci amana. Ita ma fitilar caji ba a raina ta. Batir lafiyayye yana nuna kimanin bolt 12.6 in inji yana kashe, in yana aiki kuwa 13.8 zuwa 14.4. A tsofaffin motoci da yawa ta cikin wannan ɗan ƙwan ne wutar farko ke bi ta tayar da altaneta, har ya zama ƙonewar ƙwan kaɗai tana iya hana caji. Saboda haka fitilar da ba ta kama ba sa'ad da aka murɗa makulli ita ma alamar illa ce.

Agogon gudu na dā ba ruwansa da batir. Wani injiniya mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar fasaharsa a Jamus a 1902, ita ce kuma ke cikin motoci irin Peugeot 504 da aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Kebur ne ke tasowa daga giyabos, zaren cikinsa yana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofi na alminiyam, maganaɗisun yana jan kofin ba tare da ya taɓa shi ba, wani siririn sifirin kuma yana mayar da allura baya. In allura da lambobin nisa sun tsaya tare, kebur ya tsinke ko haƙoran ɗan giyar roba da ke juya shi sun cinye. In lambobi suna tafiya allura ba ta motsi, cutar tana cikin agogo. In allura tana rawa ana jin ƙara, zaren ya bushe ko kebur ya lanƙwashe da yawa. A zaro zaren, a wanke, a shafa giris kaɗan, amma a bar ƙarshen da ke kusa da agogo, don kada giris ya hau ya daskarar da kofin. Tayar da ta fi ta asali girma tana sa agogo ya faɗi ƙasa da gudun gaskiya. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka kuwa manyan lambobinsu na mil ne, mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yan kai, wato mai ganin 60 yana dab da kilomita 100, mai ganin 80 ya kusa 130 bai sani ba.

Motocin wannan zamani sun sauya tsari, ko da yake ƙa'idar bincike ba ta sauya ba. Sansa yana kai saƙo ga kwamfuta, kwamfuta ta aika wa allo, kowace allura kuma ɗan ƙaramin moto ne ke juya ta taki-taki. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike, Turai ma ta bi baya. Amfaninta ga wannan aiki babba ne: in na'ura ta ce zafi digiri 90 ne allura kuwa tana kwance, sansa ya kuɓuta, allo ne da laifi. Waɗannan ƙananan moto masu juya alluran sukan mutu, kamar yadda ya shahara a manyan motocin General Motors na 2003 zuwa 2006, kuma ana sauya su ɗaya-ɗaya da dalma ba sai an sayi allo duka ba. Allon da ke mutuwa ya farfaɗo in an buge shi da tafi, galibi dalmar ƙafafun soket ce ta tsage saboda girgiza da zafin rana, mai gyaran rediyo mai natsuwa zai iya sake narka ta. Kafin a ciro allo a cire batir a dakata 'yan mintoci, a nisanci soket masu launin rawaya domin na jakar iska ne, a kuma yi alama inda kowace allura take kwance kafin a zare ta. Sayen allon wata mota a dasa yana da sharri biyu: lissafin nisan tafiya sau da yawa a cikinsa yake, wasu motoci kuma, irin wasu na Volkswagen, ba za su tashi ba sai an daidaita shi da makulli.

Wanda ya iya buɗe allo, wata rana dillali zai zo masa da buƙatar a rage lambobin nisa don mota ta yi daraja a idon mai saye. Wannan algus ne tsagwaronsa, daidai yake da tauye mudu, kuma cutarsa ba ta tsaya ga kuɗi ba, gama mai saye zai jinkirta sauya bel da sauran abin da ake sauyawa bisa lissafin tafiya. Kada ku yi, kome kuɗin da aka ba ku. In kuwa larura ta sa aka sauya allo, a rubuta lambar tsohon a takardun mota.

Kafin darasi mai zuwa, kowane ɗalibi ya sami mota guda da izinin mai ita, ya murɗa makulli ya rubuta fitilun da suka kama da waɗanda suka mutu bayan inji ya tashi, ya nemo fiyus ɗin allo da sansan zafi ya zana inda suke, ya kuma auna batir inji yana kashe da kuma yana aiki. Wanda ya sami direba mai haƙuri, su hau miƙaƙƙen titi mai alamun kilomita, direba ya riƙe allura a kan 60, shi kuma ya duba agogon hannu, domin kilomita ɗaya a wannan gudu minti ɗaya ne cif. Ku zo da abin da kuka rubuta, kada kowa ya buɗe tanki sai muna tare a gareji.